GODIYAR DOREEN A JARIDA — Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, har da baiwar Allahn da ta ce ta fasa gaishe ni, ku yi haƙuri. Lokacin girbi ne, ni ma ba a kwance nake ba. Mun tsaya inda jaridar Laraba ta fito.

A garinmu Brenholt, idan mutum ya yi maka alheri ba ka tare shi a hanya kana zuba masa godiya. Kunya za ka ba shi, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya koma yi maka zancen ruwan sama. Abin da ake yi shi ne ka je ofishin jaridar gari ka rubuta layi biyar, a buga a shafin baya tsakanin sanarwar rasuwa da tallan tsofaffin taraktoci. Kowa ya karanta da kofin kofi a hannu, a haɗu a kanti a yi kamar ba a gani ba.

Abin da Doreen Penner ta yi ke nan. Mijinta Abe ya rasu a watan Agusta, ya bar alkama tsaye a gona. Ranar wata Lahadi maƙwabta suka haɗa injinan girbi suka shiga kwashe mata, sai tsohon injin Abe ya mutu a tsakiyar gona. Perlita Dumalagan, makanikiyar garejin gari da ta zo aiki daga ƙetare, ita ce ta yini kwance a ƙarƙashinsa har ya tashi. Bayan kwana uku Doreen ta kai mata rabin sa, yankakke, ƙunshi-ƙunshi a takarda, har firijin Perlita ya ƙi rufuwa. Duk da haka tsohuwa ta ga ba ta yi komai ba, sai ta rubuta:

"Godiya ta musamman ga Perlita Dumalagan, wadda ta yini ranar Lahadi tana gyara injin Abe. Na kai mata rabin sa, kuma na san bai isa ba."

Perlita ta karanta sau huɗu. Ta ɗauki hoton shafin ta tura wa mijinta Nestor da 'yarta Liway can garinsu Iloilo, a ƙasar da ta baro, ta rubuta a ƙasa cewa su gani, uwarsu ta shiga jarida ba tare da ta kashe kowa ba. Shekara biyu ke nan rabonta da su in ba ta waya ba.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas na safe Arlene Sigurdson ta kira ta, ta ce ta biyo ofis kafin ta wuce gareji.

Arlene ita ce shugabar kwamitin da ke ba baƙi masu sana'a wasiƙar amincewar gari. Da wannan wasiƙa mutum ke neman zaman dindindin, ya kawo iyalinsa. In babu ita, sai ya tattara. Ranar ce kuma kwamiti zai zauna a kan takardun Perlita, ƙarfe huɗu na yamma. Saboda haka Perlita ta hau matakalar ofishin da fara'arta, a zatonta wani hoto ne ko sa hannu ya rage.

Arlene ba ta ce mata ta zauna ba. Ta turo mata jaridar kawai.

"Kin ga wannan?"

"Na gani. Har na tura gida."

"Perlita, sunan wa ke jikin takardar izinin aikinki?"

"Garejin Orest Hladun."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Garejin Orest yana buɗewa ranar Lahadi?"

A nan Perlita ta gane inda aka dosa. Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce mata ba.

Arlene ta yi mata bayani dalla-dalla, da muryar nan tata ta tsohuwar malamar makaranta da ke sa babba ya ji kamar bai yi aikin gida ba. Ta ce irin izinin Perlita na ubangida ɗaya ne. Duk aikin da ta yi wa wani a waje ta karɓi wani abu a kai, ko kuɗi ko nama ko buhun dankali, a idon doka ta karya sharaɗi. Ta ce ita kanta ta karanta godiyar jiya ta yi murmushi ta wuce, don ta san yadda abin yake. Amma da safen nan ta tarar an zuro ƙorafi a rubuce ta ƙasan ƙofa, kuma abin da ya zo a rubuce dole ya je gaban kwamiti.

"Idan ba a ba ni yau ba fa?"

"Zama na gaba sai Nuwamba."

"Izinina ƙarshen Oktoba zai ƙare."

"Na sani."

Da wata ce, da tuni ta fara share hawaye. Perlita kuwa, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana kwance injinan rake kafin ta zo nan, ba ta saba kuka a gaban abin da ya lalace ba. Sai ta duba inda ya karye tukuna.

"Ai ba da kaina na je ba," ta ce. "Orest ne ya aike ni. Ina fitowa daga coci ya kira ni, ya ce injin Abe ya mutu, in ɗauki motar gyara ta gareji in je. Da motarsa na je, da spanoninsa, da mansa."

Arlene ta cire tabarau. A karon farko fuskarta ta ɗan saki.

"To in haka ne aikin gareji ne, naman kuma kyauta ce tsakaninki da Doreen. Magana ta mutu. Ya rubuta min layi biyu, ko ya zo ƙarfe huɗu ya faɗa da bakinsa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Perlita ta miƙe. Har ta kai ƙofa ta waiwayo ta tambayi wanda ya kawo ƙorafin. Arlene ta ce babu suna, kuma ko da akwai ba za ta faɗa ba. Tana faɗin haka tana gyara takardun kan tebur, sai fayil ɗin ya buɗe. Ni dai na san Arlene shekara ashirin, ban taɓa ganin fayil ya buɗe a hannunta bisa kuskure ba.

An yanko godiyar daga jarida, an maƙala ta a jikin wani kati rawaya mai huda a kusurwa. Irin katin da ake ɗaurawa a jikin kayan gyara idan an kawo su gareji. A duk faɗin Brenholt gareji ɗaya ne ke amfani da rawaya, kuma Perlita ce da hannunta take oda idan sun ƙare.

Ta ce wa Arlene a yini lafiya, ta sauka.

Ta tarar da Orest a bakin benci, ya sa gaba da wani famfon mai yana kallo. Dattijo ne dogo mai shekara sittin da takwas, hularsa ta fi wasu ma'aikatan banki shekaru. Shi ya ɗauko ta daga filin jirgi a watan Fabrairu da rigar sanyin marigayiyar matarsa a hannu, don ya san abin da baƙi ke sakowa su kira shi rigar sanyi. Wannan ne ma abin da ya fi yi mata ciwo, kuma ya yi mata ciwo sosai.

Ta sa rigar aiki. Ta ɗaure gashinta. Ta zuba kofi kofi biyu ta ajiye masa ɗaya.

"Oga, katunan rawaya sun ragu."

Bai ɗago ba.

"A yi oda."

"Ɗaya ne ya ɓata. Na gan shi a ofishin Arlene."

Ya ajiye famfon a hankali. Ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa, duk da babu abin da ya rage a hannun.

"Perl, zauna mu yi magana."

"A tsaye ma ina ji."

Ya buɗe durowa ya fito da takarda mai shafi biyu ya shimfiɗa a kan benci. Ya ce ba wani abu ba ne, alkawari ne kawai cewa za ta zauna a garejin shekara biyar, ko takardunta sun fito ko ba su fito ba. Idan ta sa hannu, shi da kansa zai je ƙarfe huɗu ya ce shi ya aike ta, magana ta wuce kamar ba a yi ba.

"In ban sa ba fa?"

"To ni na tsufa. Ba na tuna abin da na faɗa a waya mako biyu da suka wuce."

Perlita ta yi dariya. Ba ta jin daɗi ba ce, amma dariya ce.

"Kai da kake tuna lambar belin tarakta ta shekarar da aka haife ni?"

"Ki yi dariyarki." Ya ɗago ya dube ta. "Makanikai biyu na kawo kafin ke. Na cike musu takardu, na nemo musu gida, na koya musu tuƙi a kan ƙanƙara. Harjit ranar Talata takardarsa ta zo, ranar Laraba ya ɗaure katifa a kan mota sai birnin Winnipeg. Na biyun ko sallama bai yi ba, makulli na tarar a akwatin wasiƙa. Tsakiyar shuka. Kin san abin da manoma suka yi min?"

"Na sani. Har yanzu ana ba da labari a shagon kofi."

"To ba za a yi min na uku ba."

Gaskiya ne an yi masa haka, ba na musu. Ƙananan garuruwan nan sun sha zama matattakala, a taka su a haye birni. Amma don wasu sun taka ka sun wuce ba shi ne za ka taka wanda ya tsaya ba. Orest ya san haka, shi ya sa ya kasa riƙe idonta.

"Oga, ka san abin da na yi ranar Asabar?"

Ya girgiza kai.

"Tafarnuwa na shuka a bayan gida. Layi huɗu. Doreen ce ta ba ni iri. Yaushe ake haƙe tafarnuwa?"

"Yuli."

"Yuli. Na je makaranta na ga ajin da Liway za ta zauna. Na yi wa Nestor magana a masana'antar nama. Na sayi injin kwashe dusar ƙanƙara a wurin Merv na rumbun hatsi, injin nan mai tsinannen hayaƙi da kai ka ce kar in saya. Ni ce mai ɗaure katifa a kan mota?"

"To in za ki zauna, mene ne wahalar sa hannu?"

"Saboda ni nake son in zauna. Da ka tambaye ni da baki, da na ce maka shekara goma ma. Amma ka riƙe 'yata a hannu ɗaya, biro a ɗaya hannun, ka ce in zaɓa? A'a."

Ta ɗauki takardar ta ninke gida biyu, ta mayar masa cikin durowa, ta tura durowar da ƙugu.

"Ƙarfe huɗu zan je in faɗi abin da ya faru. Kai kuma ka san hanyar ofis."

"Maganarki ce kawai, Perl. Ba takarda."

"Maganata ba ta taɓa faɗuwa a garin nan ba."

Daga nan ta wuce bayan gareji, inda wani manomi ke safa da marwa tun ƙarfe bakwai da tiyon mai da ya fashe a hannunsa, kanolarsa, shukar da ake matsa a sami man girki, na jira a gona, sama kuma ta fara haɗa gira. Ta karɓa, ta auna, ta yanka, ta matse. Ta gama ta kama na gaba. Duk wanda ya gan ta ranar ba zai ce akwai abin da ke damunta ba, sai dai wanda ya san ta zai lura ba ta kunna rediyo ba.

Da rana Doreen ta faɗo garejin ko motarta ba ta kashe ba. Labari ya riga ya kai mata, don a Brenholt abin da aka zura ta ƙasan ƙofa da safe kafin azahar ya zaga shagon kofi sau biyu. Tsohuwa ta kama hannun Perlita mai baƙin mai ta riƙe gam, tana cewa ita ta jawo, ita da shegen rubutunta, shekara arba'in tana sa godiya a jarida ba ta taɓa sanin tana iya yanka mutum ba. Ta ce yanzu-yanzu za ta je ta kwashe naman ta mayar gida, a ce ba a bayar ba.

"Nanay Doreen," in ji Perlita, don haka take kiranta, kamar yadda ake kiran uwa a can gida, "wane naman? Haƙarƙarin na gama da shi tun makon jiya. Na raba wa 'yan ƙasarmu gida shida. Sai dai ki bi su ɗaya-ɗaya da cokali."

Doreen ta yi dariya cikin hawaye. Ta ce to za ta sake rubutawa a jarida cewa ta yi kuskure, ba Perlita ba ce. Perlita ta ce ko kusa, mutum talatin sun ga ƙafafunta a ƙarƙashin injin, kuma godiyar nan ita ce abu mafi daɗi da aka taɓa rubutawa a kanta, ba ta mayarwa. Ta raka ta mota, ta ce ta je gida ta huta. Doreen ta ce to. Duk wanda ya san matan Penner ya san irin wannan "to" ɗin.

Orest yana ofishinsa na gilashi duk lokacin. Bai fito ba.

Ƙarfe huɗu saura kwata Perlita ta wanke hannu da sabulun nan mai yashi, sau uku, baƙin da ke bakin farce ya ƙi fita. Ta bar shi. Ta ce ai ba akawu suka kawo ba, makaniki suka kawo.

Mutum biyar ne a kwamitin. Arlene a kujerar shugaba, Merv Tkachuk mai kula da rumbun hatsi, fasto, wata ma'aikaciyar asibiti, da wani ɗan majalisar gari da ba ya magana sai an zo ƙuri'a. A kujerar baya kuma ga Doreen zaune da jakarta a cinya. Arlene ta ce mata zaman ba na kowa ba ne. Doreen ta ce ta ji, ƙafarta ce ke ciwo, tana hutawa. Aka ƙyale ta.

Arlene ta karanta godiyar, ta karanta ƙorafin, ta ce Perlita ta yi bayani.

Perlita ta miƙe. Ba ta yi dogon zance ba. Ta faɗi lokacin da aka kira ta, da wanda ya kira, da motar da ta ɗauka, da abin da ya karye a injin, da lokacin da ya tashi. Ta ce naman ya zo bayan kwana uku, ba ta nema ba, kuma a inda ta fito ba a mayar wa gwauruwa kyautarta, a nan ma ta lura ba a yi.

Merv ya gyara murya. Ya ce shi yana gonar ranar, ya ga motar gareji da idonsa, amma ganin mota ba shi ne jin an aike ta ba, tana iya ɗauka da kanta tunda makulli a jiki yake kwana kamar na kowa. Ya ce ba wai yana ƙaryata ta ba ne, doka ce ba ta san Perlita ba. Fasto ya tambaya ko Orest zai zo. Arlene ta dubi agogo ta ce an gaya masa.

Sai Merv ya sake juyowa.

"Perlita, ke kin san wanda ya rubuta wannan?"

"Na sani."

"Wa?"

Doreen ta miƙe wuya daga baya. Arlene ta tsayar da biro.

Da ta faɗi sunan, ta gama da shi. Wanda ya yi wa ma'aikacinsa irin wannan, cire shi ake yi daga shirin kawo baƙi ma'aikata, kuma a gari mai mutum dubu ɗaya da ɗari biyu ba zai sake shan kofi da kowa ba. Perlita ta san haka sarai. Tana jin haushinsa har wuya, kuma tana jin tausayinsa, abu biyun suka tsaya mata wuri ɗaya.

"Ba zan faɗa ba."

"Zai iya taimakonki fa."

"Na sani, Merv. Mutumin ya tsorata ne, ba mugu ba ne. Ni kuma ban zo nan in hau kan wani in karɓi takarda ba. Aikina na kawo muku. Injin wa na taɓa a garin nan ya dawo? Naka ne? Na fasto ne?"

Fasto ya ce motarsa dai tun da ta taɓa ta ba ta sake tari ba. Aka ɗan yi dariya, ban da Arlene.

"Ni na aike ta."

Kowa ya juya. Orest ne a bakin ƙofa, hula a hannu. Ba wanda ya ji hawowarsa, kuma daga yadda fuskarsa take ya daɗe a kan matakalar.

"Ni na kira ta. Ni na ce ta ɗauki mota. Aikin gareji ne." Ya dubi Arlene. "Katin ma ni na zura."

Doreen ta ce wani abu da yaren kakanninta wanda ba zan fassara ba, akwai yara a shafin nan.

Arlene ta rubuta, ta ce ya maimaita, ya maimaita, ta sake rubutawa. Ta ce batun katin za su yi shi daban, amma ƙorafi ya faɗi. Perlita ta ji wani abu ya sauka daga kafaɗarta wanda ba ta ma san tana ɗauke da shi ba. Ta fara lissafin ƙarfe nawa ne a Iloilo, ko Liway ta tashi.

Arlene ta jawo wasiƙar ta ce a yi ƙuri'a.

"Arlene, dakata," in ji Orest. "Da saura."

Bai shigo ba, bai fita ba. Ya miƙa hannunsa na dama a gabansu. Hannun na rawa, ya kama shi da na hagu ya mayar aljihu. Ya ce tun bara likita ya gaya masa, spana ma yanzu sai ya yi da gaske yake riƙewa, duk aikin da ke fita daga garejin nan wata shida na Perlita ne, shi gaisuwa kawai yake yi da manoma. Ya ce wani kamfanin injinan gona daga birni ya zo ya taya garejin. Ba ginin suke so ba, ginin ya ruɓe. Makanikin suke so, shi ya sa suka ce ya kawo musu sa hannunta na shekara biyar.

"Ashe ba saboda Harjit ba ne ke nan," in ji Perlita.

"Harjit ma gaskiya ne. Amma ba shi ba ne."

Arlene ta tambaye shi ko kamfanin na cikin waɗanda gari ya tantance. Ya ce a'a, sun ce ba sa son wahalar takardu, za su nemo mata sabon izini irin na yanzu, ta ci gaba da aiki. Ba sai an yi wa kowa fassara ba. Ta ci gaba da aiki, Nestor da Liway su ci gaba da zama a waya. Wasiƙar da ke gaban Arlene kuwa da sunan garejin Orest aka buga ta, in babu garejin Orest takarda ce kawai.

"Yaushe za a rufe cinikin?" in ji Arlene.

"Gobe. Ƙarfe goma, a ofishin lauya."

Ma'aikaciyar asibitin ta kawar da kai. Doreen ta rufe baki da hannu.

Perlita ta ja kujera ta zauna, ta ɗora hannuwanta a kan tebur, baƙin farcen a fili.

"Oga, ka sa hannu?"

"Ban sa ba tukuna."

"In babu sa hannuna, za su saya?"

"Ban sani ba."

"Ni na sani. Ba za su saya ba." Ta juya wurin kwamiti. "To kun ji. Yau Alhamis. Garejin na Orest ne, ni ma'aikaciyarsa ce, ƙorafi ya faɗi. Abin da zai faru gobe ƙarfe goma ni da shi za mu zauna a kai, kuma ina da shawarar da ta fi ta kamfanin. Ku dai ku yi abin da ya tara ku."

Merv ya ce yarinyar nan ba ta da tsoro ko kaɗan. Ya ɗaga hannu. Fasto ya ɗaga.

Ma'aikaciyar asibitin ta ce tana ƙaunar Perlita, amma ba za ta sa sunanta a kan aikin da ƙila gobe babu shi ba, in abin ya fashe gari ne za a cire daga shirin, akwai iyalai goma sha huɗu a layi. Ɗan majalisa ya buɗe baki a karon farko ya ce yana bayanta.

Biyu da biyu.

Duk ido ya koma kan Arlene, wadda tun da aka kafa kwamitin ba ta taɓa karkata doka ko da faɗin gashi ba. Ta dubi wasiƙar. Ta dubi Orest. Ta daɗe tana duban Perlita, Perlita kuma ba ta sunkuyar da kai ba.

Arlene ta rufe biro ta ajiye a kan wasiƙar.

"Kowa ya fita," ta ce. "Har da ke, Doreen, ƙafar ta huta haka."

Aka fara jan kujeru. Perlita ta miƙe.

"Ban da ke. Zauna ki gaya min shawarar nan taki. Minti biyar gare ki, kuma in ba ta tsaya da ƙafarta ba, hannuna ba zai tashi ba."

Ƙofa ta rufe. Abin da ta gaya mata, sai mun haɗu a shafi na gaba.